Intabiyun da Ya Cinye Fadamar Kawu

Akwai abubuwan da mutum kan manta tun kafin shekara ta zagayo, amma wannan da zan ba ku labarinsa, ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina ba na jin zai iya kwashe shi. Shekaru sun wuce, na yi aure, na haihu, na tsaya gaban alƙalai ba adadi. Duk da haka in na tuna sai in ji kamar jiya abin ya faru.

Lokacin na gama makarantar horon lauyoyi, na yi bautar ƙasa, na dawo gida Suleja na zauna. Wata goma sha ɗaya ina zaune babu aiki. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare, Umma ce ke riƙe da mu da ɗinkin da take yi a zauren gidanmu. Sai yayanta, Kawu, manomi a Maje, wanda shi ne ya tsaya mana a matsayin uba. Shi ya sayar da sansa guda lokacin da za a saya mini baƙar riga da farar hular nan ta lauyoyi. A danginmu kaf ni ce ta fara karanta shari'a, saboda haka ba mai kirana da sunana, kowa "Barista" yake cewa. Sunan nan kuwa ya zame mini kaya. Barista ce ke wanke-wanke, Barista ce ke kai niƙa, Barista ce ke sa wa kayan makarantar yaran mutane maɓalli in ɗinki ya yi wa Umma yawa. In na wuce majalisar samarin layinmu sai wani ya ce, "Barista, yau ba kotu?" su kwashe da dariya. Ofisoshin lauyoyin da na kai wa takarduna a Abuja kuwa, na daina ƙirgawa.

Wata ranar Talata sai ga saƙo a imel ɗina daga wani babban ofishin lauyoyi a Abuja. Ba zan faɗi sunansa ba. Sun ce suna neman ƙananan lauyoyi biyu, kuma intabiyun na rukuni ne, wato za a zaunar da mu mu takwas a teburi ɗaya, mu yi muhawara a gaban manyan ofishin, su kuma su zaɓa. Sun haɗo da wata shari'a mai shafi uku, suka ce ƙirƙirarriya ce don gwaji. Kowa ya rubuta ra'ayinsa na lauya a kanta, ya tura kafin ranar. Kwana goma suka ba mu.

Ga yadda shari'ar take. Wani kamfanin gine-gine ya sami takardar gwamnati a kan wani fili mai faɗi a gefen wani ƙauye da gari ya fara cim masa. Manoman wurin sun ƙi tashi, sun ce gonakin kakanninsu ne. Ku ne lauyoyin kamfani, ta ina za ku karya hujjar manoman? Babu sunan kamfani, babu sunan ƙauye, babu sunan jiha.

Da na gaya wa Umma, sai ta tashi daga kan keke ta rungume ni, almakashi a hannunta. Ranar nan ta ture ɗinkin mutane gefe, ta auna ni, ta ce baƙin siket da kwat za ta ɗinka mini wanda ko matar gwamna ta gani sai ta tambayi telan.

Ba ni kaɗai aka kira ba a Suleja. Akwai wani abokin karatuna tun jami'a, ɗan kudu ne, Kirista, amma a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi tawa kaifi. Suna haya a unguwar Iku, mahaifiyarsa tana da shagon atamfa a kasuwa. Da muka gano an kira mu tare, sai muka shirya kullum bayan la'asar zai zo zauren Umma mu yi bita. Mu jera kujerun roba, mu ɗauka teburin intabiyu ne. Mu koyi yadda mutum zai kutsa cikin magana ba tare da ya katse wani ba, da yadda zai ƙi yarda da ra'ayin wani ba tare da ya zama mai rashin kunya ba. Ni matsalata in na ɗau zafi muryata takan yi sama, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Barista, sauko, ba faɗan famfo ba ne." Umma kuwa ita ce mai tsaron lokaci. Ba ta jin Turancin da muke yi, amma minti uku na cika za ta buga almakashi a kan keke ta ce, "Lokacinki ya ƙare, ranki ya daɗe."

Da safe kuma karatu. Na zaro littattafan dokar ƙasa da na ɗaure tun ƙarshen makaranta, na bi hukunce-hukuncen manyan kotuna ɗaya bayan ɗaya. In an ɗauke wuta in tafi shagon buga takardu na bakin titi in sa cajin kwamfuta, in zauna a benci ina rubutu ana ta hayaniyar janareto a kaina.

A kwana na huɗu abokin nawa ya zo da wata magana. Ya ce ya ji akwai wata 'yar Izom da aka kira, da wani kuma daga Madalla.

Ya ce, "Barista, ba ki ga abin mamaki ba? Ofishi kamar wannan, masu neman aiki daga ko'ina, amma rabinmu 'yan wannan yankin ne? Kuma a ina kika taɓa jin intabiyun da ake ba mutum aikin kwana goma?"

Na ce, "Kai dai ka ce ragwanci ke damunka."

Ya yi dariya ya bar maganar. Ni kuma ban ƙara tuna ta ba, don abin da ke cina daban ne. Na san a teburin nan za a sami 'ya'yan manya waɗanda suka yi karatu a waje, masu Turanci ta hanci, masu takalman da ba su taɓa taka tashar mota ba. Dokar da na karanta su ma sun karanta. Me nake da shi wanda ba su da shi? Sai na ga amsar a fili. Su a littafi suka san manomi, ni kuwa kawuna manomi ne. Na san yadda gona ke shiga hannun mutum a ƙauye, ko in ce zan iya sani.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Maje. Tun a hanya za ka ga yadda gari ke cin ƙauyen, nan gonar dawa, nan katangar bulo, nan allon masu sayar da filaye. Na sami Kawu a fadamarsa ta bakin rafi yana gyaran injin ban-ruwa, tumatir ya yi jajir a bayansa. Fadamar nan ita ce ƙarfinsa. Gonar tudu ta abinci ce, amma da fadama yake aurar da 'ya'ya, da ita yake kai mara lafiya asibiti. Da ya gan ni sai ya wanke hannu a ruwan kwari, ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaro.

Na ce, "Kawu, jarabawar neman aiki zan yi, kuma a kan gonaki ce. So nake ka gaya mini yadda kuka mallaki naku."

Fuskarsa ta cika da murna. Ya ce, "Yau ga ranar karatun boko, Barista ta zo ɗaukar darasi wurin kawunta."

Ya kai ni gida, ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado, ya warware leda uku kafin ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Rubutun ajami ne na wani mai unguwa da ya daɗe da rasuwa, yana shaida cewa gonar tudu ta kakanmu ce. Shaidu uku, biyu sun rasu, saura wani tsoho guda. Na tambaye shi ta fadama fa. Sai ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

Ya ce, "Wannan magana ta cikin gida ce. Fadama ba ta da takarda, don asalinta aro ce. Kakanki ya karɓe ta a hannun wasu mutanen da suka riga mu zama a nan, shi da duk maƙwabtanmu na bakin rafi. Da can duk kaka akan kai musu dami. Daga baya suka tashi suka koma wajen Izom, manyansu suka mutu, aka daina kaiwa. Yaran yanzu, namu da nasu, ba wanda ya sani. Ke ma don ke 'yarmu ce kuma lauyarmu shi ya sa na faɗa miki."

Lauyarmu. Da bakinsa ya faɗa, da kunnena na ji. Abu na farko da ake koya wa ɗalibin shari'a shi ne sirrin wanda ya zo gare ka amana ce, ba ka da ikon taɓa ta. Na ci wannan darasin a jarabawa da maki mai kyau. Amma a kan babur ɗin komawa gida, ba amanar nake tunani ba. Murna nake yi na samo abin da zai sa in fi 'ya'yan manya.

Na zauna na rubuta. Na ce lauyan kamfani kada ya ɓata lokaci yana jayayya da manoma a kan gado. Ya binciki asalin gonakin, domin a ƙauyukan da ke wannan yankin da yawan filayen bakin ruwa aro ne, wanda kuma aka ara wa ba ya zama mai abu komai daɗewarsa. A nemo jikokin masu asalin, a saye haƙƙinsu, a sa su rantse. Don in nuna ba shaci-faɗi nake yi ba, na kawo misali. Ban ambaci Kawu ba, amma na ambaci Maje, na ambaci bakin rafi, na ce masu asalin sun koma wajen Izom. Na gaya wa kaina ai jarabawa ce, mutum uku ne za su karanta su jefa a kwandon shara. Shafi goma sha huɗu na tura. Bayan na tura ne na lura a shafi na tara na maimaita wata kalma sau biyu a jere, abin ya dame ni har na kasa cin abincin rana.

Ranar intabiyu ina idar da sallar asuba na fita, cikin kwat ɗin Umma mai ƙamshin guga. Ni da abokina muka shiga motar ma'aikata, aka matse mu mu huɗu a baya, muka sha cunkoson Zuba, muka isa da sauran minti ashirin. Ofishin hawa uku ne, sanyin na'ura kamar cikin firji. A wurin karɓar baƙi wata budurwa ta miƙo mana takarda ta ce ta halarta ce, kowa ya sa hannu. Na sa hannu ban karanta ko layi ɗaya ba. Lauya guda, da digiri, da baƙar riga a gida.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon teburi. Manya uku ne a can kai. Na tsakiya shi ne mai ofishin, dattijo mai furfura a gemu, carbi a hannu, murya a sanyaye kamar mai wa'azin ɗaurin aure. A gefensa wata mata da littafin rubutu. Aka buɗe muhawara. Kowa ya zage, wannan ya kawo hukuncin kotun ƙoli, wancan ya ce a nemi sulhu, wata ta yi ta zuba Turanci har ta manta inda ta faro. Dattijon yana ta jan carbi, ko kallonsu bai cika yi ba. Da aka zo kaina na faɗi nawa cikin minti uku cif, muryata ba ta yi sama ba. Sai ya ajiye carbin. Ya juya harshe zuwa Hausa.

"Malama, 'yar Suleja ce ke?"

Na ce, "E, yallaɓai."

"Masha Allah. Misalin nan da kika kawo ya burge ni. Wane gefen rafin kike nufi, na gabas ko na yamma?"

Na faɗa masa.

"Su waɗancan da suka koma Izom, akwai wanda ya rage a cikinsu? Da wace sana'a aka san gidan?"

Na faɗi abin da Kawu ya gaya mini. Matar gefensa tana ta rubutu ba ta ɗaga kai. Ya tambayi yaushe aka daina kai dami, ya tambayi ko akwai takarda, ya tambayi gida nawa ne a bakin rafin. Kusan minti ashirin yana kaina, sauran bakwai suna zaune kamar 'yan rakiya. Ana cikin haka na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi. Abokina ne. Na janye ƙafata. Ya sake takawa, da ƙarfi wannan karon. Na harare shi na ci gaba da magana. A raina na ce hassada ce, ya ga na haskaka.

Muna fita bakin titi na juyo kansa. Na ce, "Me na yi maka da za ka nemi rikita ni a gaban mutane?"

Ya ce, "Barista, mutumin nan ba intabiyu yake miki ba. Shaida yake ɗauka. Ba ki ga ko sau ɗaya bai tambaye ki doka ba?"

Na ce, "Baƙin ciki ne ke cinka don ba a kula ka ba."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya tsallaka titi ya shiga wata motar daban. Na yi mako biyar ban yi masa magana ba. Mako biyar ɗin nan kuma kullum ina duba imel, ina gaya wa Umma in sha Allahu aikin nawa ne, don ni kaɗai mai ofishin ya tsaya a kaina.

Ranar wata Laraba da azahar sai ga Kawu a ƙofar gida a kan babur, da kayan gona a jikinsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a zaure, Umma ta kawo masa ruwa, ya ajiye kofin a ƙasa. Ya zaro wata babbar ambulan daga aljihun rigarsa.

Ya ce, "Barista, ɗan saƙon kotu ne ya raba mana, mu goma sha ɗaya na bakin rafi da na tudu. Karanta ki gaya mini me suke so."

Ina buɗewa na ga sunan ofishin lauyoyin a ƙasan shafin farko. Wani kamfanin gine-gine ne ya kai su ƙara yana neman a tashe su. An haɗo da takardar rantsuwa ta wasu mutum biyu daga wajen Izom, suna cewa fadamar ta kakansu ce, aro ya bayar, kuma sun sayar wa kamfani da haƙƙinsu. Na ci gaba da buɗe shafuka, sai na fara karanta kaina. Jimlolina ne, yadda na jera su, da hukunce-hukuncen da na kwashe kwanaki ina tonowa a shagon buga takardu. Ko wahalar sauya su ba su yi ba. Kalmar nan da na maimaita sau biyu bisa kuskure, tana nan zaune a wurinta.

Kawu ya ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Sun ce fadama aro ce."

Can ya ce, "Wa ya gaya musu? Mu huɗu ne muka rage da muka san wannan magana, kuma ukun nan na san ko da wuƙa a wuya ba za su faɗa ba."

Da na so da na yi shiru. Ba wanda zai taɓa sani. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Kawu, ni ce."

Keken Umma ya tsaya. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, tun daga imel har tambayoyin dattijon. Ina jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar. Ya karɓi takardun ya ninke su a hankali.

Ya ce, "To, Allah dai ya sa kin sami aikin."

Ya tashi ya fita. Ruwan nan bai sha ba.

Washegari na tafi Abuja. Ban sa kwat ba, da atamfata na tafi. Budurwar wurin karɓar baƙi ta ce oga yana ganawa. Na ce zan jira. Awa uku na zauna, duk wanda ya shigo sai ya dube ni, don fuskata ba ta mai neman aiki ba ce. Daga ƙarshe aka ce in shiga. Yana zaune da carbinsa, ya yi murmushi kamar ya ga 'yarsa.

Na ajiye kwafin takardun a gabansa na ce, "Yallaɓai, kun ce shari'ar ƙirƙirarriya ce."

Ya ce, "Zauna mana, Malama."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Kun tara mu, kun zaɓo 'yan yankin da gangan, kun sa mun yi muku aikin kwana goma, kun kwashi rubutuna kun kai kotu a kan kawuna. Wannan sata ce."

Bai ko motsa ba. Ya danna ƙararrawa, aka kawo masa wani fayil, ya zaro takarda ya tura mini. Takardar halartar nan ce. A ƙasanta, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa duk abin da mai neman aiki ya rubuta ko ya faɗa ya zama mallakar ofishin, su yi yadda suka so da shi. Ga sa hannuna raɗau.

Ya ce, "Ke lauya ce. Ba ki karanta abin da kike sa wa hannu? Kuma ni ban aike ki Maje ba. Ban tambaye ki sirrin gidanku ba sai da kika kawo shi da kanki, a rubuce."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan ta ƙarshen gaskiya ce. Na tsaya ina huci. Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce wai ya ga ina da ƙwaƙwalwa, kuma da ma yana shirin nemana. Suna bukatar wanda manoman suka yarda da shi, ya zauna da su ya lallashe su su karɓi diyya su tashi ba tare da an ja dogon zance ba. In na amince, Litinin in fara aiki.

Ya ce, "A sana'ar nan babu kawu, Malama. Akwai wanda ya ɗauke ka aiki, akwai wanda ke ɗaya gefen. In kin koyi wannan za ki yi nisa."

Duk bitar da muka yi ta rage murya a nan ta ƙare. Na ce masa da furfurarsa da carbinsa ya zauna ya shirya wa yara masu yunwar aiki tarko, ya san sarai ba za mu ƙi ba. Na ce ya fi ɗan fashi muni, don ɗan fashi ba ya sa ka gode masa. Na ce aikinsa ya riƙe, ko shara ce ba zan yi a gidan nan ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita su a nan ba. Ma'aikata suka leƙo daga ofisoshinsu, mai gadi ya zo ya tsaya a bayana. Dattijon bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce da mai gadin, "Raka ta, ranta ne ya ɓaci." Har na sauka daga bene ina jin wannan sanyin muryar tasa, kuma har yau ita ce ke tayar mini da hankali fiye da komai. Bai ɗauka ya yi wani laifi ba. Daga baya na bincika, cikin mu takwas ɗin nan ba wanda aka ɗauka.

Daga tasha ban wuce gida ba, kasuwa na nufa, shagon atamfar mahaifiyar abokina. Na same shi yana taya ta jera kaya. Na ce, "Ka yi gaskiya, ni ce wawiya. Ka yafe mini." Bai ce ai na gaya miki ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in zo mu je. Ya kai ni wurin wata lauya 'yar cocinsu, babbar mace, mai ofis ɗaki biyu a saman wani shagon fenti a nan Suleja. Ta ji labarin, ta cire tabarau, ta wanke ni tas da Hausarta mai karyayyen harshe.

Ta ce, "Yarinya, shi mugu ne, wannan ba gardama. Amma ke kika buɗe masa ƙofa. Mutum ya kira ki lauyarsa, kika ɗauki maganarsa kika kai kasuwa."

Na ce ina so in kai ƙarar mai ofishin. Ta ce, "Da me? Hannunki yana kan takardarsa. Share hawayenki, akwai gonaki da za a ceta."

Ta karɓi shari'ar manoman. Ni kuma na zama mai ɗaukar mata fayil, mai bin gidajen Maje ina tattara tsofaffin takardu, mai fassara tsakaninta da dattawa. Wasu daga cikin maƙwabtan Kawu ko gaisuwata ba sa amsawa, kuma ban ga laifinsu ba. Kusan shekara uku aka yi ana kai da komowa. Gonakin tudu sun tsira, saboda takardar ajamin nan da tsohon shaidan da muka ɗauko a mota, aka riƙe shi har gaban alƙali. Fadama kuwa ta tafi. Diyyar amfanin gona kawai aka ba su. Ranar da katafila ta shiga, tumatir ɗin Kawu bai gama nuna ba. Yanzu gidaje ne a wurin masu jan rufi, da ƙofar ƙarfe da mai gadi.

Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Ya zo ɗaurin aurena, shi ya ba da ni. Amma tun daga ranar, in ana maganar cikin gida na shigo, sai ya sauya zance ya tambaye ni ya aiki. Da ya zage ni sau ɗari da ya fi mini wannan.

Har gobe ina jin haushin dattijon nan, kuma ban yafe masa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma shekaru sun koya mini in raba fushin nan biyu, in ba shi rabonsa, in riƙe nawa. Abin da na koya shi ne mai neman aiki ido rufe ya fi kowa sauƙin amfani, domin duk abin da aka tambaye shi zai miƙa, har da wanda ba nasa ba. Yanzu in ƙananan lauyoyi suka zo suna tambayata yadda za su shirya wa intabiyu, nakan ce su karanta doka, su goge takalmi, su karanta duk takardar da aka miƙo musu kafin su sa hannu. Sannan kafin su fita daga gida su zauna su yanke wa kansu abin da ba za su faɗa ba ko da aikin zai kuɓuce. Aiki in ya wuce wani yana zuwa, ni shaida ce. Amma mutumin da ya rage murya ya gaya maka sirrinsa, in ka sayar da shi sau ɗaya, ko ya yafe maka ba zai ƙara rage maka murya ba.